Kaluluwar da ke Wuyan Ndaceko

Ndaceko mutumin Bida ne, amma ya daɗe a Minna yana sayar da busasshen kifi a unguwar Sauka Kahuta. Daga ƙauyukan bakin kogi ake kawo masa kifin a kwanduna, kuma duk wanda ya taɓa kawo masa kaya ya san halinsa: ba ya karɓar kwando sai ya zazzage shi a kan tabarma ya ga abin da ke ƙasa. Ya sha ganin an jera manya a sama, an cika gindin da gutsattsari da ƙaya. Maƙwabtansa a kasuwa suna yi masa tsiya, suna cewa ko kyauta aka ba shi sai ya juya ta ya duba bayanta. Shi kuwa bai taɓa ɗaukar wannan aibi ba.

Wajen ƙarshen damina wata kaluluwa ta fito masa a gefen wuya na hagu. Ba ta ciwo, in an danna ta sai ta ɗan goce a ƙarƙashin yatsa ta dawo. Matarsa Rukayat ce ta fara ganin ta, wata rana yana alwala a tsakar gidansu a unguwar Maitumbi. Ya ce mata ba komai ba ne, haƙori ne ke damun sa. Haƙorin ya daina ciwo, kaluluwar ta zauna. Sai zazzaɓi ya fara zuwa da yamma yana tafiya da kansa, ya riƙa tashi da safe ya tarar zanin gado ya jiƙe sharkaf da gumi, ga wani ƙaiƙayi a baya da ƙafafu ba tare da ko ƙurji ɗaya ba. Wandunansa suka fara yi masa yawa.

A wani ƙaramin asibiti kusa da gida aka soka allura cikin kaluluwar aka zuƙo ɗan abin da ke ciki. Da sakamako ya fito, mai duba shi ya ce ba a ga wani mugun abu ba, fararen ƙwayoyin jini ne cike, irin waɗanda ake ce wa sojojin jiki, masu taruwa idan jiki yana faɗa da wata cuta. Ya ce gumi da rama da zazzaɓi sun yi kama da tarin fuka da ya zauna a wuya maimakon ƙirji, kuma ana yawan ganin haka. Aka ɗora shi a kan maganin tarin fuka. Ndaceko ya sha shi wata da watanni bai tsallake ko safiya ɗaya ba. Rukayat ta ware masa kofi da cokali, ta hana 'yarsu Kafayatu cin abinci a kwanonsa. Abin da ya samu a ƙarshe shi ne kaluluwa ta biyu a ƙarƙashin ta farko.

Daga nan aka tura shi babban asibiti, wurin wata likita mai suna Esta Gaiya. Mace ce mai magana a hankali, 'yar asalin ƙauyukan da ke kewaye da Minna, Hausarta irin ta garin ce, takan ce "shi" a inda Bakano zai ce "ita". Ta taɓa wuyansa da hammatarsa da cikinsa, ta ce allura ba za ta isa ba, sai an ciro kaluluwa ɗaya sukutum an aika da ita ɗakin gwaji a Abuja. Aka yi masa 'yar tiyata aka ɗinke. Da amsa ta dawo ta sa aka kira shi tare da matarsa.

Ta gaya musu ciwon daji ne, irin wanda ke kama kaluluwa, likitoci suna kiran sa limfoma. Ta ce irin nasa yana cikin waɗanda suka fi jin magani, kuma mutane da yawa suna warkewa sarai idan ba a makara ba. Rukayat ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Ndaceko kuwa ya dubi likitar. Abin da ya tsaya masa a rai ba sunan cutar ba ne.

"Likita, wuyan nan ɗaya ne," in ji shi. "Wancan ya duba ya ce sojojin jikina ne ke faɗa. Ke kin duba kin ce daji. A cikinku wa ya ga daidai?"

Ta ce wancan bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa. A irin wannan ciwon ƙwayoyin dajin kaɗan ne, cikin ɗari da wuya su wuce ɗaya ko biyu, sauran duk sojojin jikinsa ne. Allura kuwa abin da ta tarar a bakinta take zuƙowa, kuma su ta fi tararwa. Ya tambaye ta, idan sojojin sun kai wannan yawa, me ya hana su kashe ɗaya ko biyu su huta? Ta ce ai nan maganar take. Ƙwayar dajin ce da kanta ke kiran su. Tana fitar da wasu sinadarai da ke jawo su su kewaye ta, in sun iso kuma akwai wata alama a jikinta da ke sa su sauke makami. Wasu daga cikinsu ma sai su koma ciyar da ita, suna tare waɗanda suka zo da niyyar faɗa. Zazzaɓi da gumi da ƙaiƙayin da yake fama da su, duk daga hayaniyar wannan taro suke fitowa.

Ndaceko ya saurara har ƙarshe. Bayanin ya yi masa santsi da yawa. A kasuwa idan mutum ya kawo masa magana a shirye haka, babu gargada ko ɗaya, lokacin ne yake ƙara duba kayan.

Kafin su tashi likitar ta ƙara wata magana. Ta ce ita da wasu abokan aikinta a wata jami'a suna bincike a kan wannan abu, wato yadda ƙwayar daji ke juya sojojin jiki, domin yawancin abin da aka sani a kai daga marasa lafiyar wasu ƙasashe aka samo shi. Idan ya yarda, za su so su yi amfani da ragowar naman da aka ciro, ba tare da sunansa ba. Idan bai yarda ba, babu abin da zai canza a maganinsa. Ya ce zai yi tunani.

Ƙarshen mako yayansa Sheshi ya zo daga Bida da galan cike da jiƙo baƙi wuluk. Sheshi yana da injin cashe shinkafa, kuma shi ne babba a gidansu tun rasuwar mahaifinsu. Suka zauna a ƙofar gida suna magana da Nufanci. Ndaceko ya kwashe duk abin da aka yi ya gaya masa. Sheshi ya jima yana kaɗa ƙafa, sannan ya tambaye shi ko wanda ya fara duba shi ya nemi namansa. Ndaceko ya ce a'a.

"To ka gani," in ji Sheshi. "Wanda bai nemi komai ba bai ga daji ba. Wadda ke son naman ita ta gan shi."

Ya ci gaba da kawo labaran mutanen da aka ce an yanki wani abu a jikinsu an aika ƙasar waje. Ndaceko ya san yayansa da son irin waɗannan labarai, bai ɗauke su duka ba. Amma waccan magana guda ta shige shi ta zauna.

Tun daga ranar ya fara lura da abubuwan da da can ba zai kula da su ba. Da ya je a cire masa zare, ya ga ma'aikatan jinya biyu sun yi shiru yana shigowa. Da aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ta ce akwai wata kaluluwar a ciki, babba, a tsakanin huhu. Ya shafa ƙirjinsa bai ji komai ba. Ta wuya dai yana taɓa ta, wannan kuwa sai abin da aka nuna masa a hoto mai duhu, wanda ba zai iya rantsuwa cewa nasa ne ba. A gida kuma ya lura Rukayat ta fara ɗaukar waya tana zagayawa bayan tankin ruwa kafin ta amsa. Ya tambaye ta sau ɗaya, ta ce 'yar uwarta ce. Bai sake tambaya ba, amma ya san muryar da take yi wa 'yar uwarta magana da ita, kuma ba ita ba ce.

Likita ta sa ranar fara magani, bai je ba. Abin da ya yanke shi ne ya karɓo namansa ya kai shi inda ba a san shi ba, ba a san ta ba, ya ajiye a gaban wani ya yi shiru ya ji abin da zai ce. Ya zaɓi Ilori, domin yana da masu sayen kifi a can, kuma ya san hanyar. Rukayat kaɗai ya gaya wa, saboda ita za ta zauna a rumfa.

Ya je wurin Dakta Gaiya ya ce a ba shi abin da aka ciro a wuyansa. Ya shirya wa gardama, har ya tanadi abin da zai faɗa. Ita kuwa ta ce haƙƙinsa ne, za ta sa a turo daga Abuja. Ta roƙe shi dai kada ya ja lokaci. Da kayan suka iso ta miƙa masa ɗan akwati: a ciki akwai wani ɗan dunƙulen kaki kamar guntun sabulu, da wani abu mai duhu a tsakiyarsa, sai 'yan siraran gilasai masu tabon ja da shunayya. Sauƙin da ta yi masa ma ya dame shi. Ya yi ta tunanin ko nasa ne ta ba shi.

Ya bi ta Bida bai tsaya gidan Sheshi ba, ya wuce Mokwa da Jebba, akwatin yana cikin aljihun rigarsa, hannunsa a kai. Ya sauka gidan wani abokin cinikinsa, washegari ya nufi asibitin koyarwa. Ya ɗauka zai wuni yana yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan, amma da ya ce daga Minna yake kuma nama ya kawo a duba, sai wata ma'aikaciya ta raka shi har ofis. A ciki akwai wani dattijo mai furfura, Dakta Abdulwasiu, wanda ya tashi a Kontagora kuma Hausa ta zauna a bakinsa. Ndaceko ya ce masa kumburi ne aka cire masa a wuya, yana son sanin ko mene ne. Bai ƙara komai ba.

Dattijon ya sa gilashi ɗaya a ƙarƙashin madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. Ya daɗe yana dubawa, yana matsar da shi kaɗan-kaɗan. Ya canza wani, ya sake komawa na farko. Sannan ya ja kujera ya ce Ndaceko ya zo ya sa idonsa.

Da farko haske kawai ya gani. Da idon ya daidaita sai ya ga ƙananan ɗigo-ɗigo masu launin shuɗi mai duhu, cunkushe, kamar an watsa gero a faifai. Likita ya ce waɗannan su ne sojojin. Ya ɗan juya wani abu, sai ga wata guda a tsakiya, ta ninka sauran girma, fara-fara, da manyan ƙwayoyi biyu a cikinta suna kallon sa kamar idon mujiya. Ƙananan sun yi mata zobe, sun manne da ita ta kowane gefe. Ndaceko ya ɗaga kai, ya sake mayarwa.

Dakta Abdulwasiu ya ɗauko wani gilashi daga aljihun tebur, ya ce wannan kaluluwar wani ce da ciwon maƙogwaro ya kumbura. Ndaceko ya duba, ya nemi mai idon nan ko'ina bai gan ta ba. Likitan ya ce babbar da ya gani ita ce dajin, kuma asalinta ita ma soja ce, ta lalace ne ta ƙi mutuwa a lokacin da ya kamata. Ya faɗi sunan ciwon, sunan da aka faɗa a Minna.

"Waɗannan da suka kewaye ta," in ji Ndaceko, "faɗa suke da ita ko gadin ta suke yi?"

"Da ido ba za ka gane ba. Gilashi yana nuna wa ke tsaye kusa da wa, ba ya nuna abin da suke faɗa wa juna. Abin da muka sani shi ne, in ka raba ta da su ba ta daɗewa. Sauran kuma har yanzu ana nema."

Wannan amsa ta fi kwanta wa Ndaceko a rai fiye da duk abin da ya ji a baya, domin mutumin ya nuna akwai inda saninsa ya tsaya. Ya ji wani nauyi ya sauka, wani kuma ya hau: ashe dai ciwon gaskiya ne. Ya tattara gilasan ya yi godiya. Yana bakin ƙofa dattijon ya ce ya gaida Dakta Gaiya, ya ce mata ya ga abin da Abuja suka gani, kada a ƙara ɓata lokaci.

Ndaceko ya tsaya da hannu a kan ƙofa. Ya tambaye shi inda ya san ta. Dattijon ya ce ɗalibarsa ce a da, kuma ta kira shi ta ce wani maras lafiyarta yana tafe, ya taimaka ya gan shi. Ndaceko ya tambaya ko ta gaya masa abin da aka ce yana damun sa. Ya ce ta gaya masa, amma ido nasa ne, da ya ga wani abu dabam da ya faɗa. Ya faɗi haka ba tare da wata damuwa ba, ya koma kan aikinsa.

Duk tsawon hanyar komawa Ndaceko yana juya abin a ransa. Ya sha wahalar tafiya don ya ji bakin da ba a riga an sa masa magana ba, ashe maganar ta riga shi isa. Kuma mutum ɗaya ne a duniya ya san Ilori za shi.

Ya iso Maitumbi da la'asar, Rukayat tana tsince shinkafa. Bai amsa sannu da zuwanta ba, ya tambaye ta wa ya gaya wa likita inda ya tafi. Ta ajiye faifan ta ce ita ce. Ba ta yi kame-kame ba.

"Baban Kafayatu, ka ɗauki nama a aljihu za ka garin da ba ka san kowa a asibitinsu ba. Na ji tsoron su mayar da kai daga bakin ƙofa, ka dawo ka ce ka gama da asibiti."

Ya ce kuma wayar da take zagayawa bayan tanki tana yi fa. Ta ce da likitar take yi. Tambayar ta take ko akwai sauran lokacin jira, tun da ta ga yana jan ƙafa, har ya ƙi zuwa ranar da aka sa masa. Ya ce me ta amsa. Rukayat ta ce likitar ta ce ba ta sani ba, amma ciwon ba ya jiran kowa ya gama shawara. Ndaceko ya ce yanzu ya gane su uku ne a gefe ɗaya, shi kaɗai a ɗaya gefen. Ta ce in haka ya gani, to, amma ita ba ta da wani gefe sai inda zai rayu. Ya shige ɗaki.

Ya yi kwanaki ba ya cin abincinta, a kasuwa yake sayen tuwo. Ya koma shan jiƙon Sheshi safe da yamma. Rukayat ta ci gaba da canza zanin gado kowace safiya. Sai wata rana yana sauke kwando daga keke numfashinsa ya sarƙe, ya dafa ƙarfen rumfa yana tari busasshe, har maƙwabcinsa mai doya ya zo ya karɓi kwandon. Bayan haka ya lura in ya kwanta rigingine sai ya ji kamar an ɗora masa buhu a ƙirji, dole ya juya gefe ko ya jingina da bango. Wurin da nauyin yake shi ne daidai wurin da likita ta nuna masa a hoton nan mai duhu. Wannan kam ba wanda ya kira wani a waya ya shirya shi.

Ya koma asibiti shi kaɗai. Ya zauna a gaban Dakta Gaiya ya ce bai yarda da ita ba, kuma ba ta kyauta ba da ta kira Ilori, amma ya zo a fara. Ta ce zuwan ya isa, yarda ba dole ba ce. Game da binciken kuwa ya ce bai amince ba. Ta ce to, ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ce dunƙulen kakin ya ajiye shi inda zafi ba zai taɓa shi ba, domin ana iya buƙatar sa don maganinsa wata rana. Ya sa shi a gwangwani ya ɗora a saman kabad. Makonni ya yi yana jiran ya ga ko fuskarta za ta canza masa saboda ya hana ta, ko a fara barin sa a ƙarshen layi. Bai ga haka ba, amma bai daina dubawa ba.

Maganin ta jijiya ake sa shi, mako ɗaya a yi, mako ɗaya a huta. Kowane zuwa sai ya ce a nuna masa kwalaben a rufe kafin a fasa, ma'aikatan jinya tun suna jin haushi har suka saba, suna ganin sa su ɗaga masa kwalba daga nesa. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne. Likita ta riga ta gaya masa fitsarinsa zai yi ja, kada ya tsorata, haka kuwa aka yi. Ta ce gashinsa zai zube, ya zube har da gemu. Ta ce ya daina jiƙon yayansa don kada ya haɗu da maganin ya taɓa hanta, ya daina, Sheshi ya yi fushi ya bar kiran sa. Abin da ba ta gaya masa ba shi ne warin kifi zai gagare shi. Mutumin da ya girma cikin hayaƙin banda ya koma ko kusa da rumfarsa ba ya iya zuwa sai amai ya taso masa. Rukayat ta karɓi kasuwar gaba ɗaya, in ta dawo sai ta yi wanka ta canza kaya kafin ta shigo inda yake.

Likita ta kuma gargaɗe shi cewa maganin ba ya bambancewa sosai, yana kashe dajin yana kashe sojoji masu lafiya, don haka ya guji cunkoso, in zazzaɓi ya zo kuma kada ya jira. Ya ce wato har waɗanda ba su yi laifin komai ba. Ta ce haka ne, amma ɓargo zai haifi sababbi. Ya ce sababbin kuma wa ya tabbatar ba za a sake juya su ba? Ta ce babu wanda ya tabbatar, shi ya sa ake son kada a bar ko ɗaya daga masu juya su ɗin. Ta ce akwai wasu sababbin magunguna da ke toshe alamar nan da ke sa sojoji sauke makami, amma ba a cika samun su a nan ba, kuma a halin da yake ciki wannan da ake ba shi shi ne daidai. Ya riƙe wannan ma a ransa, yana juya ko ana ɓoye masa mai kyau ne ana ba shi na kowa da kowa.

Ƙaiƙayin ne ya fara tafiya, sai gumi. Wata safiya ya tashi ya tarar ya kwana rigingine bai sani ba. Kaluluwar da ta rage a wuyansa ta yi laushi, ta koma kamar ƙwayar gyaɗa, daga baya ya neme ta ya rasa. A tsakiyar maganin zazzaɓi mai zafi ya kama shi wata ranar Lahadi da rana, jikinsa yana rawa. Ya ɗauki wayar Rukayat daga kan tabarma ya miƙa mata, ya ce ta kira likitar. Ta kira a gabansa, a tsakar gida. Aka kwantar da shi 'yan kwanaki aka sallame shi. Daga nan ya koma cin abincinta, ko da yake abin da yake iya ci bai wuce kunu da ɗan farfesun kaza ba.

Da aka gama maganin aka sake ɗaukar hoto. Dakta Gaiya ta ce ba ta ga komai ba, na ƙirjin ma ya tafi. Ta ce ba za ta ce masa ya warke ba tukuna, sai an yi shekaru ana dubawa, zai riƙa zuwa lokaci-lokaci. Gemunsa ya fara tsirowa, da furfurar da babu ita a da. A hankali ya koma rumfa, da farko yana zama daga nesa Rukayat tana ciniki, har hancinsa ya sake sabawa.

Bayan ƙaramar salla aka yi suna a gidan Sheshi, suka je Bida. Maza suna zaune a rumfar ƙofar gida bayan an ci abinci, ana ta yi wa Ndaceko barka da jiki. Sheshi ya gyara zama ya ce shi tun farko ya faɗa, babu wani daji. Ya ce kowa a nan ya san wanda daji ya kama, kuma kowa ya san inda suke yanzu. Ga ƙanensa zaune yana cin shinkafa. Ko dai tarin fukan nan ne ya tafi a makare, ko kuma jiƙon da ya sha kafin a hana shi ne ya yi aiki, su kuma suka zuba masa ruwan da ya zubar masa da gashi a banza. Mutane da dama suka gyaɗa kai. Wani tsoho ya ce ai maganar tana kan hanya. Aka juyo ana kallon Ndaceko.

Abin da ya ba shi haushi shi ne, shi ma wannan tunanin ya taɓa zuwar masa, ba sau ɗaya ba.

"Yaya, ni dai na san ba na iya kwanciya, yanzu ina iyawa," in ji shi. "Jiƙonka ina cikin shan sa numfashina ya sarƙe. Abin da ya wuce haka ban sani ba."

Sheshi ya ce ai magani ba ya nuna aikinsa ranar da aka sha shi. Aka ɗan yi dariya, zance ya koma kan farashin taki. Ndaceko ya leƙa cikin gida ya sa aka kira masa Rukayat da Kafayatu, ya ce su shirya, da safe yana da ganin likita. Sheshi ya so su kwana, ya ce a'a. Suka samu mota a tasha kafin rana ta faɗi, Rukayat ta riƙe ƙullin naman suna a cinya, shi kuma ya zauna gefen taga saboda warin man fetur har yanzu yana tayar masa da zuciya.